Mawaƙan Birmingham ba sa karɓar albashi, amma waƙarsu tana cin kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na labarin talaucewar majalisar birnin Birmingham ta ƙasar Ingila, labarin da aka fi tsayawa a kan bashinsa da ƙarin harajin da ya jawo, aka bar sauran abin da ke cikinsa. Ni mazaunin wannan birni ne shekaru da dama, kuma ɓangaren da ya dame ni shi ne na ƙungiyar mawaƙan sa kai da ke rera waƙa tare da babbar ƙungiyar makaɗan birnin, wadda aka fi sani da CBSO.

Domin wanda bai bi labarin ba, a ranar 5 ga Satumba 2023 majalisar ta fitar da sanarwar da doka ta wajabta mata, cewa kuɗin da ke shigo mata ba za su iya ɗaukar abin da ke kanta ba. Manyan dalilan su ne diyyar ma'aikata, yawancinsu mata, waɗanda aka daɗe ana biya ƙasa da takwarorinsu maza, diyyar da aka ƙiyasta za ta iya kaiwa fam miliyan 760, sai kuma sabon tsarin kwamfuta na lissafin kuɗi da ya lashe dukiya mai yawa bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba. Da aka zo kasafin 2024, aka ƙara wa mazauna birnin harajin gida da kusan kashi 10 cikin ɗari, aka kuma yanke cewa tallafin da ake bai wa cibiyoyin kiɗa da wasan kwaikwayo da zane-zane za a rage rabinsa a shekarar farko, a soke shi gaba ɗaya a shekara ta biyu. CBSO tana cikin waɗanda abin ya shafa, kuma abin da take samu daga majalisar kafin a rage ya kai fam dubu 630 a shekara.

Tun daga lokacin na sha jin magana ɗaya a bakin mutane, har da 'yan uwanmu mazauna nan, wato wai su mawaƙan ai dama ba a biyan su ko kwabo, saboda haka ko an janye kuɗin gwamnati su babu abin da zai taɓa su, za su ci gaba da waƙarsu kamar yadda suka saba. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na ga abin da idona, kuma na san ba haka yake ba.

An kafa ƙungiyar mawaƙan ne a 1973, zamanin da Bafaranshe Louis Frémaux yake jagorantar makaɗan, kuma mutanen cikinta sun kai kimanin 180. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da akawu, da ɗalibai, da 'yan fansho, kowa da sana'ar da yake ci da ita. An raba su gida huɗu bisa ga murya: mata masu siririyar murya mai hawa sama, mata masu murya mai kauri, maza masu murya mai tashi, da maza masu babbar murya ta ƙasa. Wanda ya saba da kiɗan gida zai iya ɗauka cewa 'yan amshi ne, amma aikinsu ya bambanta da amshi, domin ba jira suke wani ya ba da waƙa su karɓa ba. Kowane rukuni yana da nasa layin waƙar a rubuce a takarda, layukan huɗu suna tafiya tare, wani ya hau wani ya sauka, wani ya shigo a daidai lokacin da wani ya yi shiru, kuma idan rukuni ɗaya ya makara da ƙiftawar ido, ko muryarsa ta ɗan zame ƙasa, sai dukan ginin ya karkace. Shi ya sa ba a ɗaukar mutum sai an gwada muryarsa an kuma tabbatar yana iya karanta rubutun kiɗa.

Maƙwabciyata tana cikin masu murya mai kauri. Ma'aikaciyar jinya ce, ta haura shekara hamsin, kuma da yake gidajenmu a manne suke, na san lokacin da wasa ya kusa tun kafin ta faɗa, saboda nakan ji ta bayan sallar isha tana maimaita layi ɗaya sau goma ko fiye, a hankali, don kada ta tashi yaran unguwa. Wata rana iyalina suka aike ni in kai mata abinci, na tarar da littafin waƙar a buɗe a kan teburin kicin, duk ya cika da rubutun fensir. A wani wuri ta ja ɗan layi inda za ta ja numfashi, a wani wuri ta zana ido biyu don ta tuna ta ɗaga kai ta dubi jagora, a ƙarƙashin kalmomin Jamusanci kuma ta rubuta yadda ake furta su da nata haruffan. Ta ce mini fensir kawai ake yarda a yi amfani da shi, domin littafin na haya ne, bayan wasa sai ta goge duk abin da ta rubuta kafin ta mayar. Ba ta jin Jamusanci, amma akwai malamin da ake kawowa ya zauna da su har sai mutum 180 sun rufe harafin ƙarshe na kalma a tare, kamar baki ɗaya.

Ita ce ta ba ni tikiti na je na ji su a babban zauren kiɗa na birnin, wanda aka buɗe a 1991, mai ɗaukar mutum sama da 2,200. A daren sun yi babban kiɗan nan na tara na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, kiɗan da aka fara yi a Biyana, babban birnin Austriya, a 1824, lokacin da kunnen mai shi ya riga ya mutu. Makaɗa suna gaba da gogensu manya da ƙanana, da sarewa, da ƙahonin tagulla, da ganguna, mawaƙan kuma suna zaune a jere a bayansu sanye da baƙaƙen kaya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne zaman da suka yi, domin kashi uku na farkon kiɗan, kusan minti 45, babu waƙa a cikinsu ko kaɗan, kuma duk tsawon lokacin nan ban ga wanda ya yi tari ko ya juya takarda ba. Sai a kashi na huɗu baƙon mawaƙi mai babbar murya ya buɗe baki shi kaɗai, mazan da ke baya suka amsa masa, kafin ka ce me duk jama'ar nan ta shigo, har na ji kujerar da nake kai tana ɗan rawa. Can kusa da ƙarshe akwai wurin da mata masu siririyar murya suke riƙe sauti ɗaya can sama na tsawon lokaci, na hango fuskokinsu, na ga aiki ne na ƙarfi kamar ɗaukar kaya. Da aka tashi, baƙin mawaƙan huɗu suka karɓi furanni suka nufi masaukinsu, ita kuwa maƙwabciyata muka shiga bas tare, baƙar rigarta a cikin jaka, tana duba agogo domin da asuba za ta kama aiki.

Ban faɗi wannan don in rage wa baƙin mawaƙan daraja ba. Su waƙar ce sana'arsu, sun shafe shekaru suna koyonta, kuma muryar mutum ɗaya da za ta ratsa makaɗa tamanin ta kai kujerar ƙarshe ba tare da lasifika ba, ba kowa Allah ya ba ba. Suna zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin wasa, a yi gwaji tare sau ɗaya ko biyu, su yi aikinsu, a biya su, su wuce wani gari. Amma kafin su iso, mawaƙan sa kai sun yi makonni suna haɗuwa da yamma bayan an tashi daga aiki, kuma a nan ne kuɗin da ba a gani suke shiga. Akwai malamin ƙungiya da ke horar da su, akwai mai kaɗa piyano da ke raka su a kowane zama, akwai masu gyara murya da masu gyara lafazi, akwai hayar littattafai, da ɗakin gwaji da wutarsa da ɗumamarsa a lokacin sanyi, da ma'aikacin da ke riƙe da rajista yana shirya tafiye-tafiye. Duk waɗannan ana biyan su, kuma daga aljihun CBSO kuɗin ke fita. A kan haka kuma sai a ɗora albashin makaɗan, da kuɗin zaure, da ladan baƙin mawaƙa da masaukinsu. Wasan da ya haɗa makaɗa da ƙungiyar mawaƙa da baƙi yana cikin mafi tsada da ake shiryawa, don haka ina tsoron idan aljihu ya matse shi za a fara ragewa, ko a rage yawan gwajin da ake yi kafinsa. Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar noma ya san masu zuwa ba a biyan su, amma ya san kuma sai mai gayya ya tanadi fura da tuwo, ya kira makaɗi, kafin a ga kowa a gona.

Tarihin birnin kansa ya nuna abin da ke faruwa idan horon mawaƙa ya samu tangarɗa. A ranar 3 ga Oktoba 1900 aka fara rera babban aikin mai tsara kiɗa ɗan Ingila Edward Elgar mai suna The Dream of Gerontius a zauren taro na birnin, ƙarƙashin jagorancin Hans Richter, wanda yake cikin manyan jagororin kiɗa na zamaninsa, tare da baƙin mawaƙa uku sanannu. Da ganin sunayen nan kowa zai ce babu abin da zai hana wasa yin kyau. Sai dai malamin da ke horar da ƙungiyar mawaƙan, Charles Swinnerton Heap, ya rasu ba zato a watan Yuni na shekarar, aka dawo da dattijo William Stockley ya riƙe aikin, ga waƙar sabuwa ce mai wuya, ga lokaci ya ƙure. Ranar wasa muryar mawaƙan ta riƙa zamewa, abin bai yi armashi ba, Elgar kuma ya ji ciwon haka ƙwarai. Sai da aka rera aikin a Düsseldorf ta ƙasar Jamus a watan Disamba 1901, sannan aka sake a 1902 har shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus Richard Strauss ya yaba wa Elgar a bainar jama'a, kafin mutanen Ingila su gane irin abin da suka samu. Waƙar ba ta canza ba tsakanin Birmingham da Düsseldorf, shirin mawaƙan ne ya bambanta.

A zamaninmu kuma an ga ɗaya fuskar. Simon Rattle ya karɓi jagorancin makaɗan a 1980 yana ɗan shekara 25, ya zauna har 1998, kuma a 1983 Simon Halsey ya zama malamin ƙungiyar mawaƙan, ya shafe sama da shekara 40 yana wannan aiki. A hannunsu ne waɗannan malaman makaranta da akawu suka ɗauki kiɗa na biyu na Gustav Mahler a faifai, tare da Janet Baker da Arleen Auger a matsayin baƙi, faifan da mujallar Gramophone ta zaɓa a matsayin gwarzon shekarar 1988. Aikin malamin ƙungiya aiki ne na ɓoye, domin shi ne ke fama da su makonni, amma ranar wasa sai ya miƙa su ga jagoran makaɗa ya koma gefe, ba a ganinsa sai an kira shi ya rusuna a ƙarshe. Irin wannan aikin ne mai rubuta kasafi ba ya gani a takarda, kuma shekara 40 da aka yi ana gina kunnen mutane da numfashinsu ba abu ne da za a rushe bana a ce za a maido shi baɗi idan kuɗi sun samu ba.

Abin da ya ƙara sa al'amarin ya yi mini nauyi shi ne, dangantakar waƙar taro da jin daɗin talakan Birmingham tsohuwa ce. A 1768 aka fara shirya bikin kiɗa domin tara kuɗin gina babban asibitin birnin, daga 1784 kuma ya zama ana yin sa duk shekara uku har zuwa 1912, ribar tana tafiya ga asibitin. A wannan biki ne Felix Mendelssohn ya zo daga Jamus ya jagoranci rera aikinsa a kan Annabi Ilyasu a karon farko, ranar 26 ga Agusta 1846. Wato shekara sama da ɗari muryoyin mutanen gari suna taimaka wa marasa lafiya. Da aka zo kafa ƙungiyar makaɗan a 1920, majalisar birnin, da ƙoƙarin irin su Neville Chamberlain wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ta amince da ba ta fam 1,250 a shekara, kuma Elgar ɗin nan da aka ɓata wa rai a 1900 shi ya jagoranci babban wasanta na farko a watan Nuwamba na shekarar. Igiyar da aka ƙulla a lokacin ce aka yanke shawarar tsinkewa bayan shekara ɗari da 'yan kai.

Game da baƙin mawaƙa, akwai abin da ya faru a Coventry, maƙwabciyar Birmingham, wanda yake nuna cewa zaɓensu yakan wuce maganar murya. Jiragen yaƙin Jamus sun ƙona babbar majami'ar garin a daren 14 ga Nuwamba 1940. Da aka gina sabuwa, aka nemi Benjamin Britten ya tsara waƙar makoki ta tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, shi kuma ya haɗa addu'ar Latin da baitocin Wilfred Owen, sojan da aka kashe mako guda kafin a tsayar da yaƙin duniya na farko. Ya so baƙin su fito daga ƙasashe uku da suka sha wuyar yaƙin: Peter Pears daga Ingila, Dietrich Fischer-Dieskau daga Jamus, da Galina Vishnevskaya daga Tarayyar Sobiyet. Hukumomin Sobiyet suka hana ta zuwa, sai Heather Harper ta koyi waƙar cikin kimanin kwana goma ta maye gurbinta. A ranar 30 ga Mayu 1962 makaɗan CBSO ne suka kaɗa, mawaƙan da aka tattaro daga yankin suka rera. Baturen Ingila da Bajamushe sun tsaya kafaɗa da kafaɗa suna rera maganar sojoji biyu abokan gaba da suka haɗu bayan mutuwa, kuma abin da ya ba wannan tsayuwa wurin zama shi ne akwai ƙungiyar makaɗa ta yanki da take a shirye, da mutanen gari da suka ba da yammacinsu kyauta.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma ina ganin yana da gaskiyarsa. Majalisar da ke fama da kula da tsofaffi da yara marasa galihu da kwashe shara, ba za a zarge ta ba idan ta sa waɗannan a gaba da kiɗa, kuma matan da aka tauye wa albashi shekara da shekaru hakkinsu ne a biya su. Na kuma san da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi na addinin Kirista ne, saboda haka akwai 'yan uwa da ba za su shiga zauren ba, ni kuma ban ce kowa ya shiga ba. Sannan CBSO ba ta mutu ba, tana samun tallafi daga hukumar raya fasaha ta Ingila, tana sayar da tikiti, tana da masu ba ta gudummawa, kuma Kazuki Yamada ɗan ƙasar Japan, wanda ya karɓi jagoranci a 2023, yana cika zaure. Abin da nake ƙi shi ne a fake da masu aikin sa kai, a ce tunda ba sa neman lada za su toshe duk ramin da aka haƙa. Fam dubu 630 a cikin kasafin majalisar da a 2024 take neman rage kashe fam miliyan 300 cikin shekara biyu ɗigo ne a cikin kogi, amma a wajen ƙungiyar kiɗa kuɗi ne da ke riƙe ayyuka da yawa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba, wato yara. Bayan babbar ƙungiyar, CBSO tana da ƙungiyar mawaƙa ta yara da ta matasa, da wata ta jama'ar gari a unguwar Selly Oak wadda ba a gwada muryar kowa kafin ya shiga. Birmingham birni ne mai yawan matasa, mai yawan 'ya'yan baƙi daga Afirka da Asiya da tsibiran Karebiyan, kuma yaron da iyayensa ba su da kuɗin saya masa goge ko biyan malamin piyano, yana da murya da ya zo da ita duniya. Waƙar taro ita ce ƙofa mafi arha da zai bi ya koyi karanta kiɗa, ya koyi sauraron na kusa da shi, ya koyi zuwa a kan lokaci. Irin waɗannan ƙananan ayyuka ba sa kawo kuɗin tikiti, shi ya sa nake jin tsoro a kansu fiye da yadda nake ji a kan manyan wasannin da ake sawa a rediyo.

Na tambayi maƙwabciyata ko za ta ci gaba idan aka rage gwaji aka kuma rage masu horar da su. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ita ba kuɗi suka kawo ta ba, don haka rashin kuɗi ba zai kore ta ba, amma ba za ta iya tsayawa gaban mutum dubu biyu ta rera abin da ta san ba su shirya masa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, abin da na fahimta ke nan daga maganarta, kuma ina jin yawancin abokan waƙarta haka suke.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne idan jaridarka za ta sake komawa kan labarin Birmingham, wakilinku ya nemi jin ta bakin waɗannan mawaƙa da masu horar da su, ya tambayi gwaji nawa ake yi kafin wasa a da da kuma yanzu, da yara nawa ake ɗauka a ƙananan ƙungiyoyin. 'Yan uwa mazauna Birmingham da Coventry da Wolverhampton kuma, waɗanda ba su da damuwa da shiga irin wannan zaure, su duba jadawalin wasannin da ƙungiyar mawaƙan za ta fito, su sayi tikiti, su kuma rubuta wa kansilan unguwarsu su tambaye shi yaushe za a sake duba maganar tallafin. Ni na rubuta wa nawa, kuma na sayi tikiti biyu na wasa mai zuwa, ɗaya nawa ɗaya na ɗiyata.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu,
Birmingham, Ingila.